Rundunar da ke Ƙarƙashin Tsumman Hansai

A Rafin Maje, tun zamanin da ake auna hatsi da ƙoƙo, akwai wani birni da ba wanda ya san da shi, alhali kowa a garin ya sha miya da abin da ke fitowa daga cikinsa. Birnin nan yana cikin ƙwaryar daddawar wata mata mai suna Hansai, ƙarƙashin wani tsohon tsumma da ta gada wurin kakarta. Tsumman ba a wanke shi, haka kakar ta yi wasiyya. In Hansai ta dafa kalwa ta surfe, ta sake dafawa ta zuba a ƙwarya ta rufe da shi, kwana uku daddawa ta kama, ta yi zafi ta yi yauƙi, warinta ya kai bakin kasuwa. Maƙwabta su toshe hanci suna tsaki, da la'asar kuma su aiko a sayo musu.

Mijinta Nomau fiɗa yake yi wa Barmo, babban mahaucin garin. Wata safiya Barmo ya kira shi bayan gida, ya nuna masa saniya kwance da yanka a wuya, ya ce da hannunsa ya yanka ta tana shure-shure. Nomau ya ga jinin baƙi ne, ya ƙi daskarewa, har ta hanci yana tsatsafowa, sai ya yi turus. Barmo ya ce, "Kai dai feɗe, ina ruwanka da launin jini?" Nomau ya hau fiɗa, Barmo kuwa ya koma can gefe ya harɗe hannuwa, ko jelarta bai taɓa ba. Naman ya loda wa wasu baƙi masu wucewa. Bayan kwana biyu ƙurji ya fito wa Nomau a dantse, tsakiyarsa baƙi ƙirin kamar gawayi. Ya gaya wa matarsa duk yadda aka yi, a kwana na shida aka kai shi makwancinsa.

Hansai ta kai ƙara gaban dattawa. Barmo ya zo da doguwar carbi, ya rantse har da ƙwalla cewa saniyar lafiyarta ƙalau. Dattawan nan, waɗanda duk ranar kasuwa ake aika musu da hanta da tozo, suka dubi juna suka ce ƙaddara ce, ta je ta yi haƙuri. Haƙuri! Ta koma gida da abin a ranta yana cinta dare da rana, ba ta da ɗan'uwa mai ƙarfi, ba ta da wanda zai tsaya mata.

Da ta fita takaba ta koma sana'arta. A rana ta uku da hantsi ta ɗaga tsumman, tururi ya bugi fuskarta, ta tuna Nomau ne kullum yake fara ɗanɗana mata. Hawaye ya ɗiga cikin ƙwarya. Ta ce, "Da ina da runduna, wallahi da Barmo bai ƙara ganin wata ranar kasuwa ba."

Sai ta ji murya daga cikin kalwar, siririya amma tar: "Ya ke uwar ɗakinmu, kina da runduna. Shekara ashirin kina ciyar da mu, ba ki taɓa yi mana sallama ba. Shaƙi tururin nan sau uku ki iso."

Ta shaƙa. Ƙwaryar ta buɗe ta zama sarari, bakinta ya yi nisa kamar gefen sama, ita kuwa ta ƙanƙance har ƙwayar kalwa ɗaya ta koma mata dutse mai hawa. Ta sami kanta a tsakiyar birni mai ɗumi, an shimfiɗa gadoji na yauƙi daga dutse zuwa dutse, a kansu kuma talikai ne ba iyaka, dogaye santala-santala kamar taɓare, ba ido ba baki, kowa na cin dutsen da yake kai. Su ne waɗanda likitocin yanzu ke leƙawa da madubi suna kira bakteriya. A wancan zamani ba su da suna a bakin mutane.

Ɗaya ya matso ya rusuna. "Ni ne Madakin Sanduna, kabilar da ke wannan birni. A tsummanki muke barci, a kalwarki muke farkawa. Faɗi buƙatarki."

Kafin ta buɗe baki sai ya miƙe ya yi tsawo, tsakiyarsa ta tsuke, ya rabu biyu. Hansai ta ja da baya ta ce, "To, da wanne cikinku nake magana?"

Suka amsa tare, "Da mu. Ba ma haihuwa, ba a haifarmu. In mun ƙoshi sai mu rabu, kafin tukunyarki ta tafasa ɗaya ya zama biyu. Wanda ya gaishe ki ɗazu bai mutu ba, bai kuma rage ba."

Ta ce, "Ran Barmo nake so."

"Mu masu kalwa ne, kisa ba aikinmu ba ne. Amma kabilunmu sun fi gashin kanki yawa, kowace da abincinta da ƙasarta. Mai hukunci a kanmu duka ita ce Magajiyar Laka. Hanya da nisa, kuma ba kowa ke dawowa ba."

"Wanda nake dawowa dominsa yana ƙasa. Mu tafi."

Madaki ɗaya ya zauna gadin birni, ɗaya ya shige gaba. Suka bi ta wata tsaga a gindin ƙwarya, suka faɗa wani farin tafki. Mazaunansa sirara ne, sun yi jerin gwano suna lasar zaƙin ruwan suna amayar da tsami, har tafkin ya yi kauri ya kwanta. Babbarsu ta tare hanya ta ce, "Nan ƙasar Masu Sa Nono Barci ce. Baƙon da bai jure tsaminmu ba narkewa yake yi. Sha, 'yar Adam." Hansai ta kamfata ta shanye, haƙoranta suka mutu, ta goge baki ta ce abin da ke ranta ya fi wannan tsami. Aka ba su hanya.

Daga nan suka ratsa fagen kanwa, inda wasu jajayen talikai ke kwance a kan gishiri suna shan rana, in aka yayyafa musu ruwan daɗi sai su kumbura su fashe. Suka raɓa wani marmaro mai tafasa, da mazauna a cikinsa suna iyo, suna ce wa Hansai kada ta matso, sanyin jikinta zai kashe su. Suka haura wani tudu mai gumi da gashi, wanda Madaki ya ce fatar mutum ce, inda wasu ƙulu-ƙulu ke zaune cunkus kamar duwatsun wuya da zarensu ya tsinke. Duk inda ta sa ƙafa akwai mai gida, kuma abin da ke raya wannan shi ke kashe wancan.

A bakin wata rijiya wata kabila ta kewaye su. Lanƙwasassu ne kamar jinjirin wata, kowa da jela guda yana kaɗawa, ba sa tsayawa wuri ɗaya. Sarkinsu ya zagaya Hansai sau bakwai ya ce, "Mun ji ƙanshin fushinki tun daga nesa, ya ke matar marigayi. Me za ki yi da tsohuwar Magajiya? Ɗauki ɗaya daga cikinmu a ƙarƙashin farcenki, ki jefa a randar maƙiyinki. Da hantsi ɗaya, da azahar dubu, da la'asar ba mai ƙirga mu. Za mu tatse shi ta sama da ƙasa har idonsa ya faɗa, ya mutu yana roƙon ruwa."

Ba zan ɓoye muku ba, ran Hansai ya yi fari. Har ta miƙa hannu. Sai ta tsaya ta ce, "Kun san fuskar Barmo?"

Sarkin ya yi dariya, jama'arsa suka taya shi. "Fuska? Mu da ba mu da ido? Ciki muka sani. Daga randa sai kwata, daga kwata sai rijiya, duk wanda ya sha namu ne."

Ta tuna rijiyar unguwarsu, da matan da ke ɗiba, da ita kanta. Ta janye hannunta. "Mutum ɗaya nake bi, ba gari ba." Suka taso mata da jela, Madaki ya shiga tsakani ya fesa wani ɗaci daga jikinsa, lanƙwasassun suka watse suna birgima. Ya ce mata, "Wannan ne makaminmu. Da shi muke korar baƙi daga kalwarki, shi ya sa take zama daddawa ba ta zama shara ba."

Suka gangara cikin busasshiyar ƙasa, suka iske wani fili shiru, cike da ƙananan tuluna rufaffu, jere har inda ido ya ƙare. Madaki ya rage murya. "Nan Masu Barci suke. 'Yan'uwanmu ne, kaka ɗaya, ko ni sai na duba sosai nake rarrabewa. In abinci ya ƙare sai su shige ɓawo su rufe, shekara arba'in, shekara ɗari, rana ba ta ƙona su, tafasa ba ta cika kashe su ba. Mu ma haka muke yi a tsummanki. Sai dai mu kalwa muke jira, su jini suke jira. Su ne masu baƙin ƙurji."

Hansai ba ta san lokacin da ta sunkuci dutse ba. Ta hau dukan tulun da ke kusa da ita, tana duka tana kiran sunan da ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba, sunan Nomau, har tafin hannunta ya fashe. Tulun ko tsagewa bai yi ba. Amma jininta ya ɗiga a kansa, murfin ya buɗe, wani dogo ya leƙo yana miƙa.

"Wa ya tashe ni da ƙanshin abinci?"

"Ni ce, matar wanda kuka kashe."

"Mun ci, 'yar Adam, ba mu kashe ba. Saniya tana kiwo ta shaƙe mu da ƙura, muka farka a jininta, ta faɗi tun asuba. Wuƙa ta zo bayan jiki ya huce. Mai wuƙar ya san mu, domin mun taɓa cinye wa ubansa garke, shi ya sa ya naɗe hannunsa da buhu kafin ya yanka, ya kuma kirawo wani ya yi fiɗar. Mu ba mu zaɓi akushi ba. Wanda ya miƙo akushin shi ya zaɓa."

Ya miƙo kai wajen raunin hannunta, Madaki ya fizge ta suka ruga. Yanzu ta ji da kunnenta: Barmo ya sani. Abin da take zato ya zama tabbas, fushinta ya daina tafasa ya koma sanyi, wanda ya fi muni.

A ƙarshe suka iso wata baƙar ƙofa a ƙasan kududdufi. Madaki ya tsaya ya ce, "Nan iyakata. Ni da iska nake rayuwa, su kuwa na ciki iska guba ce gare su. Ki bar numfashinki a ƙofa. In kin daɗe ya huce, ba ki da abin dawowa da shi." Hansai ta fitar da numfashinta duka, mai tsaron ƙofa ya ƙulle shi a kumfa ya rataye, ta shiga da ƙirji wayam.

Magajiyar Laka tana zaune kan ruɓaɓɓen ganye, baƙa, tsohuwa tun kafin a yi itace a duniya, wari na tashi daga gare ta irin na ƙwan da ya lalace. Hansai ta durƙusa.

"Ranki ya daɗe, ƙara na kawo."

"Mun ji ta tun kina hanya. Kin ƙi masu jela, kin doki Masu Barci. Wace kabila kike so in tura masa? Ki sani duk wadda na saki, ba ta tsayawa a ƙofa ɗaya."

Hansai ta yi tunani, ƙirjinta na suya. Ta tuna tafkin nono, da tudun fata, da birninta. Ta ce, "Ranki ya daɗe, a cikin mutum ma akwai naku?"

"Cike da hanjinsa. Mu muke ƙarasa masa abin da ya haɗiya. Yana tsammanin shi kaɗai yake cin tuwonsa."

"To, kada ki tura masa kowa. Ki janye. Duk wani naku ya fita daga cikinsa, da fatarsa, da duk abin da hannunsa ya taɓa. Ya ci kada ya ƙoshi, ya zauna shi kaɗai a jikinsa kamar yadda ya bar ni ni kaɗai a ɗakina."

Magajiya ta ce, "Tun da nake ba a taɓa roƙona wannan ba. Amma wurin da aka share, wasu ke cika shi, sai da masu gadi. Sandunanki ne masu ɗacin kora. In na yarda, za su bar tsummanki su kewaye shi, kalwarki ba za ta ƙara kamawa ba."

"Na yarda."

"Ki kuma ji wannan: abin da ba mu taɓa ba, ba ya komawa ƙasa."

"Haka nake so. Ƙasar ma ta ƙi shi."

"Ranar da kika so su dawo, ki dafa kalwa ki rufe da tsumman ki kira su da sunansu. Tashi, numfashinki ya fara hucewa."

Ta rarrafa zuwa ƙofa, ta fasa kumfar ta shaƙa, sai ga ta durƙushe a tsakar gidanta, rana ba ta ko gusa ba. Daddawar da ke ƙwarya ta huce, ba yauƙi ba wari. Ta naɗe tsumman ta jefa a ƙasan adaka, ta koma yi wa mutane surfe da daka don ta ci.

Abin ya kama Barmo tun a makon. Ya ci ƙwarya guda ta tuwo, cikinsa ya yi ta ƙugi, ya fitar da shi kusan yadda ya shiga. Nonon da ya taɓa ba ya barci, gasarar gidansa ba ta tsami. Ya fara zubewa, wuya ya yi tsawo, riga ta yi masa yawa. Hansai takan bi ta gaban rumfarsa da gangan, ta dube shi sama da ƙasa, ta wuce da sanyi a ranta.

Amma akwai abin da ba ta lissafa ba. Naman da Barmo ya taɓa ba ya lalacewa. Ya kwana uku a rataye cikin zafin bazara, yana nan jawur kamar yanzu aka yanka. Mutanen Rafin Maje, da ba su rasa abin faɗa, suka ce albarka ce a hannunsa. Ramar da yake yi kuwa suka ce azumi ne yake yi a ɓoye. Shi da ya san ba azumi ba ne bai musa ba, sai ma ya ƙara tsawon carbi. Shekara huɗu yana shan wannan azaba, har ya zama ƙashi da fata ya mutu. A ranar, Hansai ta ci tuwo har da ƙari. Ta ciro tsumman ta duba, ta ce, "Tukuna. Ku tsaya a kansa, kada ƙasa ta karɓe shi." Ta mayar ta rufe adaka.

Bayan shekara bakwai aka yi wata damina mai ƙarfi, rafi ya ci gefen maƙabarta, ya zaftare kabarin Barmo. Masu gyara suka zo, suka tarar da likkafani fari fat, mutumin ciki kuwa kamar jiya aka kwantar da shi, ko gemunsa bai zube ba. Kafin azahar gari ya ɗauka: ƙasa ba ta ci Barmo ba, ashe waliyyi ne aka zauna da shi ba a sani ba! Aka kai shi wani ɗaki aka shimfiɗe, aka sa ranar Juma'a za a mayar da shi sabon kabari mai ɗaki a kai. Mutane suka yi ta ɓulɓulowa daga ƙauyuka, masu ɗibar ƙasar kabarin na ɗiba. Wata maƙwabciyar Hansai, Ladiyo, ta shigo mata da gudu tana haki.

"Yaya Hansai, ki je ki nemi gafararsa! Kin ga wanda kika yi wa ƙazafi? Har cewa ake yi mijinki ya yi sa'a da ya mutu a hidimarsa."

Hansai ta ajiye taɓarya a hankali. Shekara goma sha ɗaya tana daka hatsin wasu, hannunta ya yi kanta, ta bar sana'ar kakarta, duk don ta ɗora wa Barmo rawanin da bai taɓa mafarki ba. Da hannunta ta yi masa. Baƙin ciki ya tokare ta har ta kasa kuka. Ta ce, "Yau wace rana?"

"Litinin."

"Ara mini kalwa mudu biyu, Ladiyo. Da babbar tukunyarki."

Ta wuni tana dafawa. Talata da safe ta surfe ta wanke, ta sake dafawa, ta tsane a kwando, ta zuba a ƙwarya. Ta ciro tsohon tsumman ta shimfiɗa a kai, ta sunkuya ta ce, "Madakin Sanduna, uwar ɗakinku ce. Ga abinci. Ku taso daga kansa, ku bar wa masu wuri wurinsu." Ta ɗora tafin hannu a kan tsumman ta jira. Can ta ji ɗumi yana tasowa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, jama'a suka cika ƙofar ɗakin da Barmo yake, dattawan nan masu cin tozo a sahun gaba, waɗanda suka rage a cikinsu. Aka buɗe ƙofa. Abin da ya fito ya tura na gaba suka faɗa kan na baya. Kabilun da aka hana shekara goma sha ɗaya sun iso gaba ɗaya da yunwarsu, sun yi aikin shekaru a kwana uku. Likkafanin ya yi baƙi ya jiƙe, ƙudaje sun rufe taga, masu ƙasar kabari a ƙulle a gefen zane suka kwance suna zubarwa. Wani dattijo ya toshe hanci da rawani yana salati, yana tambayar abin da ya faru da waliyyi.

"Waliyyin wa?"

Suka juya. Hansai ce zaune a gindin bango, da ƙwarya a gabanta. Ta ce, "Mushe ya yanka, ya naɗe hannunsa da buhu, ya sa maigidana ya feɗe. Na faɗa muku kuna cin hanta. Ga shi nan, ku shiga ku tambaye shi, in kun iya tsayawa."

Ba wanda ya shiga. Mutum huɗu aka samu da ƙyar, suka ja tabarmar da igiya zuwa ramin da ya fi kusa, suka tura ƙasa suna kau da kai. Ɗakin da za a gina masa ko tubali ɗaya ba a aza ba.

Da taron ya watse Hansai ta yaye tsumman. Daddawa ta kama, ta yi zafi, yauƙi na bin yatsunta kamar dā. Ta ɗebo kaɗan ta kai baki, a madadin wanda ya saba fara ɗanɗana mata, hawaye na zuba ta bar shi ya zuba. Iska ta juyo daga wajen maƙabarta da sauran warin Barmo, ya gauraya da na ƙwaryarta. Ladiyo ta ja mayafi ta rufe hanci ta ce ta tashi su bar wurin.

Hansai ta gyara zama ta fuskanci iskar. "Je ki ke kaɗai. Shekara goma sha ɗaya nake jiran in ji wannan."